Hoton Mai Burodi

Tun daga yadda ya ajiye mota Anti Tela ta gane ba zumunci ne ya kawo yayanta ba. Can bakin babban titi ya bar ta, gaban kantin magani, ya zagaya yana jijjiga ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya cire agogon hannunsa ya tura a safa. Sannan ya shigo layin yana ɗaga ƙafa kamar wanda aka ce ƙasar za ta cije shi. Duk tana kallonsa ta ƙofar shagonta, ƙafarta a kan fedar keke, ba ta fasa ɗinkinta ba.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A gidan da ke bayan shagon nan aka haife su, a lungunan nan ya yi yawo babu takalmi, har 'yan unguwa suka sa masa suna Tsinke saboda rama. Da ya samu karatu ya bar unguwar, ya zama mai ɗaukar hoto wa mujallu, ya yi tumbi, ya sauya lafazi. Rabon da ya tako layin tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Yaya, sannu da zuwa," ta ce. "Ɓatan hanya ka yi?"

"Auta ke nan, ba ki rabo da tsiya." Ya dubi kujerar da ta turo masa, ya kaɗe ta da hankici kafin ya ɗosana. Rigar da ya saka ta fi ƙarfin aljihu goma, ita da take sana'ar ɗinki ma ba ta taɓa ganin irinta ba. A hammatarsa akwai wata tsohuwar baƙar leda da ya ƙanƙame. Da ya buɗe sai ga kyamara mai dogon baki.

Bai tambayi yaranta ba, bai tambayi mijinta ba. Ya ce wata mujalla ce take son hotunan unguwanni masu hatsari, kuma ƙa'idar aikin ita ce kada mutum ya shiga irin wuraren nan sai da ɗan gari wanda aka sani.

"To ke ce 'yar garin tawa," ya ce yana murmushi, kamar ya ba ta sarauta.

"Wace unguwar ce mai hatsarin?"

"Haba Auta. Kin fi ni sani."

Ta sani ɗin kuwa. Ana fizge waya a bakin gada, akwai lungun da ita ma ba ta bi in rana ta faɗi, akwai samarin da suka lalace da shaye-shaye. Amma akwai wanda in ya faɗi hakan ka ji ciwon abin yake ji, akwai wanda ka ji yawunsa ne ya tsinke. Ta tashi ta yafa gyale don dai yaya yaya ne, kuma in ta bar shi shi kaɗai abin kunyar da zai yi a kanta zai ƙare.

Suka shiga unguwa. Suka wuce famfon da mutanen layi suka haɗu suka gyara, bai ɗaga kyamara ba. Suka wuce makaranta ana tsakiyar karatu, suka wuce shagon walda inda ake haɗa wata ƙofa mai zanen furanni, ko waiwaye bai yi ba. Da suka iso inda kwata ta toshe ta yi baƙi ƙirin, sai ga shi har da durƙusawa, yana karkata kai, yana lumshe ido ɗaya, kamar ya tsinci zinariya. Katangar da ruwa ya rusa ma ta sha hoto ta gaba da ta baya.

Bai yi wa kowa sallama ba. In ya hango mutum sai ya saukar da kyamarar daidai cibiya, ya danna yana kallon wani wuri. Wata tsohuwa da ke tsince wake a ƙofar gida ta ɗaga kai ta ce, "Wa nake gani kamar Tsinke?" Ya matse kyamarar a ƙirji, ya ƙara sauri. Anti Tela ce ta tsaya ta gaishe ta, ta ce ai kunnensa ne ya yi nauyi.

"Kada ki riƙa tsayawa," ya ce da ta cim masa. "Haka suke yi, ɗaya ya ɗauke maka hankali, ɗaya ya zagayo ta baya."

"Wannan da ko tashi sai an kama ta?"

"Ba ki san su ba ne."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi gaba.

Da suka dawo shago suka tarar da Baba Mai Burodi kwance a kan bencin ƙofarta. Dattijo ne da ya tsufa a gaban tanda. Kwana yake yi yana gashi a gidan burodin da ke bayan tasha, da hantsi ya dawo, ɗakinsa kuwa rufin kwano ne mai zafi kamar tandar da ya baro, shi ya sa yake zuwa inuwar shagonta ya miƙe. Ya yi matashi da takalminsa, baki a buɗe, hannu ɗaya ya zubo ƙasa, fulawa ta yi masa fari-fari a gira da gemu.

Yayan nata ya tsaya cak. Ya zagaya bencin a hankali. A gefen kwata akwai wasu kwalaben maganin tari da samari suka yar. Ya sa bakin takalminsa ya gangaro da su ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya daidai ƙarƙashin hannun dattijon.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Tsari ne. Ba za ki gane ba."

"Ka tashe shi ka tambaye shi mana."

"In ya tashi ai hoton ya mutu."

Ya danna, ya sake dannawa, ya kwanta rabi a ƙasa ya ƙara. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga wata mai kaya ta iso tana faɗan an rage mata tsawon siket. Kafin ta sallame ta har ya mayar da kyamarar cikin leda ya yi gaba. Daga nesa ya ɗaga mata hannu. Ta fito ta sa tsintsiya ta mayar da kwalaben kwata, ta yi tsaki, ta ce a ranta wa ma zai kalli hoton tsoho yana barci.

Ashe duniya ce za ta kalla. Ba a rufa wata ba, Makanike, babban ɗan dattijon, ya shigo shagon babu sallama, hannu duk baƙin mai, ya ajiye waya a kan atamfar da take yankawa.

"Anti, ƙofar wa ce wannan?"

Ƙofarta ce, har da rabin allon da aka zana almakashi. Ga Baba Mai Burodi a miƙe, an cire wa hoton launi, fulawar gemunsa ta koma kamar kumfar baki. A ƙasa an rubuta: wani mashayi da tsakar rana, a unguwar da doka ba ta shiga.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Masu shaguna suka riƙa tura wa mai gidan burodin hoton, suna tambaya ko wannan ne yake kwaɓa abin da suke sayar wa mutane. Mai gidan ya san dattijon ko sigari ba ya sha, amma ya ce ciniki ba ya jiran bayani, ya sallame shi. Hukuma kuma ta ji haushin an ce ba ta shiga unguwar, ta shigo da motoci wata safiya, aka kwashe duk wanda aka samu a bakin layi. Har da dattijon, don shi ne fuskar da suka gane. Sai da ya kwana a bayan kanta kafin manyan unguwa su tsaya masa. Ya fito da tari, ya daina zuwa bencin.

Anti Tela ta kira yayanta.

"Ni hoto kawai na bayar," ya ce. "Rubutun na edita ne."

"Kwalaben ma editan ne ya turo su da ƙafa?"

"Auta, ki iya bakinki. Da yayanki kike magana. Kin san mutum nawa hoton nan ya buɗe wa ido a kan halin da kuke ciki? Don ku nake yi."

"To mun gode. Ka zo ka faɗa wa mai shi da bakinka."

Ya ce yana cikin taro, ya kashe. Ba ta sake kira ba. Mutanen layi ba su ce mata komai ba, amma masu kawo ɗinki suka ragu, gaisuwa ta koma a taƙaice. Daga baya ta ji an ba shi lambar yabo a kan hoton, ta ga an sa shi a waya yana riƙe da wani gilashi mai kama da ƙoƙon shayi, haƙora duk a waje.

Lambar ce ta dawo da shi. Mujallar ta ce tana son ci gaban labari, shi kuma ya ga tun da ya shiga ya fita lafiya, ai ya zama ɗan gida. Wannan karon bai nemi 'yar gari ba, don ya san abin da za ta ce. Ya shigo ta bayan tasha da kyamara biyu a wuya, babu ko ledar.

Wajen la'asar ne, tana kafa zif a wani wando, ta ji gudu da hayaniya. Kafin ta ɗaga kai mutum ya faɗo shagon, ya ture kwandon zare, ya shige ƙarƙashin teburin yanka. Tumbin ya ƙi shiga gaba ɗaya. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa.

"Auta, rufe ƙofa. Za su kashe ni. Don Allah, Auta."

Ba ta rufe ba. Ta tashi ta tsaya a bakin ƙofar, hannu ɗaya a kan kowane dogari. Samari sun cika layin, Makanike a gaba da sifana a hannu, bayansu mata da masu shaguna.

"Anti, ki matsa," in ji Makanike. "Ba da ke muke ba."

"Shagona ne."

"A ƙofar shagon naki aka yi wa ubana abin da aka yi. Kina tsaye."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Amma ba ta janye hannu ba. Ba tausayin na ƙarƙashin teburin take ji ba. Tana jin numfashinsa, fus-fus kamar tayar da ta yi faci, abin da ya cika mata ciki kuwa ƙyama ce. Sai dai nono ɗaya suka sha, kuma ta san in jini ya zuba a nan, samarin nan ne za su ƙare rayuwarsu a kurkuku saboda mutumin da bai kai ba.

"Ina tsaye," ta ce. "Ban hana ba, kuma da kunyar nake kwana. Amma ba za ku shiga ba."

Wani daga baya ya ce a ɗauke ta a ajiye gefe. Taron ya matso. Sai aka ji tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji, mutane suka dare. Baba Mai Burodi ne, ya rame, yana tafe a hankali.

"Ajiye ƙarfen nan," ya ce wa ɗansa.

"Baba, shi ne fa."

"Na ji. In ka fasa masa kai, gobe wa za su zo su ɗauka? Fuskata suka sani. Ni kuwa na gaji da kwanan siminti." Ya juya ga sauran. "Kowa ya kama gabansa. Wanda bai da aikin yi ya je ya nema, ni ma nema nake."

Ba su watse ba, amma sun ja baya. Dattijon ya dubi Anti Tela. "'Yata, ba ni hanya in ga mutumin. Shi ya gan ni, ni ban gan shi ba."

Ta kauce. Ya shiga, ya ja kujera ya zauna, ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin teburin. "Fito mana. Ba a gaisawa a kwance, ko da yake kai ka fi son mutum a kwance."

Yayan nata ya rarrafo, ƙyallaye sun manne masa a gumi, wani jan zare na lilo a kunnensa. Ya tsuguna, ya rungume kyamarorin biyu kamar za a ƙwace masa 'ya'ya.

"Baba, kuskuren fahimta ne. Ni niyyata in nuna wa duniya wahalar talaka. Aikinmu yana da..."

"Tsinke," in ji dattijon. "Ashe kai ne."

Dattijon ya gyara zama, ya ci gaba.

"Da aka ce ɗan gidan nan ne ban yarda ba. Kai ne kake zuwa bayan tanda da sassafe kafin makaranta, in tara maka wanda ya ƙone gefe. Kana ci kana kuka wai malam zai doke ka ka makara." Ya yi tari, ya share baki. "Da ka tsaya a kaina ran nan, ba ka gane ni ba?"

"Wallahi Baba ban gane ka ba. Da na gane..."

"Da ka gane sai ka nemi wani tsohon."

Anti Tela ta zuba wa yayanta ido tana jira. Kalma ɗaya ce ta rage masa a duniya, ko yaron goye ya san ta. Ta ga leɓensa na motsi, ta ga idonsa na zagaya ƙofa yana auna yawan mutanen da suka rage.

"Zan yi magana da edita," ya ce. "Za a iya sa gyara. Kuma in kana so, Baba, sai in sake ɗaukar ka, a tsaye, da kaya masu kyau. Hasken yanzu ma ya dace."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da ake yi wa abin da aka tako a hanya. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"'Yata, raka shi. Kada ya ɓata, baƙo ne."

Ta raka shi. Ta bi da shi ta tsakiyar layin, ba ta lungu ba, yana ɗingishi da takalmi ɗaya, safarsa na shan ruwan kwata. Babu wanda ya taɓa shi. Mata suka tsaya a ƙofofi suna kallo, wani ya yi tsaki, wata ta tofar da yawu gefe. Samari da yawa suka ɗaga wayoyinsu. Ya sa hannu ya kare fuska.

"Ki ce su daina," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba su da izini."

Ta ci gaba da tafiya. A bakin titi ya lalubo makulli, ya shige mota, ya danna makullan ƙofa duka, sannan ya sauke gilashi kaɗan.

"Kin gani ko? Kin ga abin da nake faɗa a kan mutanen nan?"

"Yaya," ta ce, "ka gaida gida."

Gyaran ya fito bayan wani lokaci, layi biyu a ƙasan shafin da ake tallan magungunan ƙwari. Makanike ya nuna wa mai gidan burodin, mai gidan ya ce ai ya riga ya ɗauki wani. Dattijon ya samu aiki a wani ƙaramin gidan burodi a ƙetaren gada, tafiya mai nisa, ba a gaban tanda ba, wajen wanke farantan gashi. Masu ɗinki suka fara dawo wa Anti Tela kaɗan-kaɗan. Makanike dai bai sake gaishe ta ba.

Wata rana da yamma dattijon ya biyo karɓar wandonsa da ta yi wa faci. Rediyonta na kan taga tana magana ita kaɗai. Tana naɗe wandon sai ta ji muryar da ta sani. An gayyato shahararren mai ɗaukar hoto, wanda ya tsallake rijiya da baya a ɗaya daga cikin unguwanni mafi hatsari, don ya ba matasa shawara.

"Abu na farko shi ne girmama mutane," in ji muryar, a natse, cike da ilimi. "Ka yi sallama. Ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Kada ka taɓa komai a wurin, yadda ka samu haka za ka ɗauka. Ka samu ɗan gari amintacce. Ni abin da ya cece ni ke nan ranar da ɓata-gari suka kewaye ni da makamai. Na tsaya na dube su ido cikin ido, na yi musu magana a matsayin 'yan Adam."

Ta miƙa hannu za ta kashe.

"Bar shi," in ji dattijon. "Ƙara sauti."

Ta ƙara. Ya tsaya da wandon a hammata, kai a karkace, ya saurara har aka gama, har mai shirin ya yi godiya aka sa kiɗa.

"Ya iya magana," ya ce. "Tun yana yaro ya iya."

Ya duba facin, ya ja shi da yatsu biyu ya ga ya kama, ya ce Allah ya yi albarka. Sannan ya fita da sauri-sauri, don a sabon wurin ba a son mutum ya makara.